Na Sa 'Yata Makaranta Da Katin Wata

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina taɓe baki, ina cewa wasu dai ba su da hankali, ashe nawa rashin hankalin yana gaba yana jira na. Ba zan faɗi sunana ko na kowa ba, don kun san mu mutanen cikin gari, ana ambaton lungu an gano gida. Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya ɗaya, muna zaune a gidan gadon su maigidana can wajen Ƙofar Mazugal, ɗakina yana kallon na surukata. Maigidana yana tsaron shagon wani Alhaji a kasuwar Ƙofar Ruwa, wurin masu rodi da ƙusa. Ni kuma na iya ɗinki tun ina gaban iyayena, ina da baki, kuma ina ganin kaina mai dabara ce. Duk abin da ya gagari mutane sai in ce a bar min, na san yadda zan yi da shi. Wannan halin ne ya kusa ja min abin da har in mutu ba zan yafe wa kaina ba.

Sai na fara bayyana muku wani abu na gidanmu, in ba haka ba ba za ku gane yadda ƙaryata ta samu wurin zama ba. Surukata 'ya'yanta maza biyu ne, maigidana da yayansa. Matar yayan, wato facalata, ta riga ni haihuwa da shekara guda da 'yan watanni, ta haifi mace aka mayar da sunan surukarmu. Da na haifi tawa, ita ma mace, maigidana ya ce ai shi ma uwarsa ce, ba wanda zai nuna masa son uwa, shi ma ya mayar. Gidan kuma irin gidajen nan ne da duk jikoki da sunan kakan gida ake rubuta su. Sai ga yara biyu, suna ɗaya daga farko har ƙarshe. Ba wanda yake iya kama sunan a baki saboda kunyar mai shi, sai ake ce wa ta facalata Ummi Babba, tawa kuma Ummi Ƙarama. Daga baya yayan maigidana ya samu buɗi ya yi gini a bayan gari suka tashi, suka sa tasu a makarantar kuɗi. Amma takardun jikoki duka suna nan a ɗakin surukata cikin wata tsohuwar kwalla, don ita ba ta yarda ɗan yau ya iya ajiya ba.

Ummina tana da shekara biyu da wata huɗu na samu aiki a shagon ɗinkin wata Hajiya a Gwammaja. Shago ne babba, kekuna sun fi goma, amma dokar Hajiya ɗaya ce, ba a zuwa mata da yaro, saboda dutsen guga da allurai da almakashi ko'ina. Surukata kuwa ciwon ƙafa ya kama ta, ko alwala sai an miƙa mata buta, ba ta iya bin yarinyar da ta fara ƙiriniya. Ana cikin haka na ji matan lungunmu suna zancen ajin nazare da gwamnati ta buɗe a firamaren unguwarmu. Na saka hijabi na je na ji da kunnena. Malamar ajin, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta yi min bayani. Ta ce yaron da ya cika shekara uku gwamnati ta ɗauke masa daga safe zuwa sha biyun rana, ba a karɓar ko sisi. Wanda yake so a riƙe masa ɗa har la'asar sai ya biya kuɗin ciko, da shi ake sallamar masu raino. Wanda bai kai uku ba kuwa babu hannun gwamnati a kansa, uwa ce za ta biya wunin gaba ɗaya. Kuma kowa sai ya zo da katin rigakafin ɗansa.

Na dawo gida ina ta saƙa da warwara. Kuɗin ciko zan iya. Kuɗin wuni gaba ɗaya kuwa, in na biya shi aikin banza zan riƙa yi wa Hajiya. Ga wata matsalar da ni kaɗai na san da ita. Katin Ummina ba cikakke ba ne. Ranar da na kai ta allurar wata tara, ta ƙyanda, jikinta da zafi, aka ce in dawo in ta warware. Ta warware, ni ce ban koma ba. Yau biki, gobe ɗinkin mutane, jibi ganda, har na daina tunawa. Maigidana bai taɓa buɗe katin ba, shi dai ya san yana ba ni kuɗin mota ranar asibiti. To da surukata ta aike ni ɗauko mata man zafi a ɗakinta, idona ya faɗa kan kwallar nan, wallahi ko minti ɗaya ban yi ina shawara ba. Na zaro katin Ummi Babba na cusa a zani. Shekara uku da wata bakwai, kowane layi an cike shi an sa hannu. Har daɗi na ji, ina cewa a raina jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Kwana uku na yi ina koya wa 'yar nan karatun ƙarya. In zaunar da ita a kan cinyata in ce Ummi shekarunki nawa, in kama yatsunta in miƙe uku, in ce ki ce uku. In ta faɗa in ba ta alewa. Yarinya ce mai saurin ɗauka, kafin a jima ko surukata ta tambaye ta me za ta ci sai ta ɗaga yatsu ta ce uku, a yi ta dariya. Ranar da muka je, Malama ta dubi kati, ta dubi yarinya, ta sake duban kati. Ta ce ikon Allah, wannan kuwa 'yar mitsitsiya ce. Na yi caraf na ce ƙaramin jiki gare ta, haka dangin ubanta suke, kamar an matse su. Ta tambaye ta shekarunta, Ummi ta ɗaga yatsu uku tana washe baki. Sunan uwa da ke kan katin kuwa ba wanda ya bi ta kai, don a garin nan wa yake kiran mace da sunanta? Maman Ummi ce ni, shi ke nan. Malama ta rubuta ta, ta ajiye katin a fayil, ta ce Allah ya raya. Da yamma na ce wa maigidana an ɗauke ta kyauta, ciko kawai za mu biya. Ya ce madalla, bai tambayi komai ba.

Wata biyar abin yana tafiya sumul. Ina kai ta da safe, in wuce Gwammaja, in ɗauko ta bayan la'asar ta ci ta ƙoshi, tana rera waƙoƙin da aka koya musu rabi daidai rabi shirme. Malama ta ɗauki son duniya ta ɗora mata. Wani lokaci in tarar da ita a goye a bayan ɗaya daga cikin masu raino, Malama ta ce sun lura ba ta jure zama kamar sa'o'inta, barci yake ɗaukar ta tun hantsi. Ni kuwa sai in ce shagwaɓa ce kawai, kakarta ta ɓata ta. Ko kunya ba na ji.

Da zafi ya shigo, azumi ya matso, sai aka fara jin ƙyanda a unguwa. Gidan nan yaro biyu, gidan can uku. Wata ranar Litinin da na je ɗaukar Ummi, Malama ta tara mu iyaye a baranda. Ta ce ma'aikatan asibitin unguwa za su zo ranar Laraba su duba katunan da ke fayil, duk yaron da aka ga da gibi a yi masa abin da ya rasa. Ta ce in akwai wadda ta san wani abu game da ɗanta da ba ya cikin kati, ta same ta a gefe ta faɗa mata, ba wanda zai ji. Na tsaya har kowa ya watse, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarta ko za a yi hutun azumi. Tunanina a lokacin shi ne in na faɗa za a kori Ummi, in rasa aikina ana tsakiyar ɗinkin Sallah, kuma matan lungu su samu abin yi da ni. Na ce a raina ba komai, ni da kaina zan kai ta asibiti da katinta na gaskiya, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ranar Laraba aka zo, aka duba katin Ummi Babba, aka ga cike yake, aka shafa kan Ummina aka wuce ta. Har tana ba ni labari da gwarancinta cewa wasu sun yi kuka ita ba ta yi ba.

Asibitin unguwarmu rana ɗaya suke allurar ƙyanda a mako, kuma da safe. Makon farko Hajiya ta ce duk wadda ta yi latti ta nemi wani shagon. Mako na biyu kayan amarya suka taso mu a gaba. Na uku na riga na shirya, har na fito da katin na sa a jaka. Daren jajibirin ranar jikin Ummi ya ɗauki zafi.

Da fari mura ce da tari, idanu suka yi ja suna ruwa. Na sayo maganin zazzaɓi a kemis ina ba ta, ina gaya wa kaina zafin gari ne. Kwana na huɗu da safe ina shafa mata mai na ga ƙuraje sun feso a bayan kunnenta, kafin azahar sun rufe fuska sun gangaro ƙirji. Surukata ta sa aka kawo mata ita, ta duba ta ce wannan ai baƙon dauro ne, a sa ta a ɗaki a rufe kar iska ta buge ta, su da haka suka raini nasu. Maigidana ya ce ai da sauƙi tunda an yi mata allura, ya ji an ce wanda aka yi wa ko ta kama shi ba ta kayar da shi. Kwana biyu ina zaune a ɗaki da ita, ta daina cin komai, idanun suka kumbura suka manne da kwantsa, in na goge su sake haɗewa. Numfashinta ya koma sama-sama, haƙarƙarinta yana shiga yana fita. Kowa ya leƙo sai ya ce a yi haƙuri, ai mai allura ce. Ni kaɗai na san abin da nake kallo, kuma tsoron tonon asiri ya ɗaure min baki kamar an yi min asiri.

Rana ta shida da hantsi sai ga sallamar Malama a tsakar gida. Ta ce ta ga kwana da kwanaki ba Ummi, ta tambayi gidan aka nuna mata. Ta gaisa da surukata, ta shigo ɗakina ta zauna a bakin katifa, ta daɗe tana kallon yarinyar. Na ga fuskarta ta canja, amma don ta kwantar min da hankali sai ta ce in daure, ita da idonta ta ga katin nan, babu allurar da ta wuce ta, insha Allahu za ta tashi. Wannan maganar ce ta karya ni. Matar nan ta tako cikin rana da azumi a bakinta, tana lallashina da ƙaryar da ni na shirya mata. Na fashe da kuka na ce:

"Malama, ba katinta ba ne. Na 'yar facalata ne. Ba ta kai uku ba, kuma ba a taɓa yi mata ta ƙyanda ba."

Na zaci za ta zage ni, kuma da ta zaga da na ji sauƙi. Ta dube ni kawai, ta miƙe ta zaro zani daga kan ƙofa ta miƙo min.

"Goya ta. Ɗauko katin gaskiyar. Sauran magana sai yarinya ta tashi."

Surukata tana daga ɗakinta tana cewa ina za a kai ta cikin iskar nan, Malama ta ce mata Hajiya a yi mana afuwa, wannan ta wuce ta ɗaki. Lungunmu mota ba ta shiga, haka muka yi ta ratsawa da sauri har bakin titi, ina jin zafin jikin Ummi yana ƙona min baya, Malama tana gaba tana tsayar da a-daidaita-sahu. A hanya na kira maigidana na ce ya same mu asibiti. Da muka isa ma'aikaciyar jinya ta tambayi shekarunta, a karon farko cikin wata shida na faɗi gaskiya a kan 'yar da na haifa. Aka auna ta, aka ce ciwon ya sauka a ƙirji, aka sa mata robar iska a hanci, aka ɗaura ruwa. Likita ya buɗe katin ya ga layin nan fari fat, ya ɗago ya dube ni. Da na tambaye shi idanun fa, sai ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma mun zo a makare, sai ta buɗe za a san abin da ake ciki. Maigidana yana tsaye ya ji komai. Ranar bai yi min magana ba, washegari ma haka, sai dai ya kawo abinci ya ajiye ya tsaya a kan 'yarsa ya fita.

Kwana huɗu ina zaune a gefen gadon nan. Ban taɓa sanin haka tsoro yake ba. Ina kallon fuskar da ta kumbura har ba na gane ta, ina tuna karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido, ina cewa ya Allah kada ka sa ta zama a kaina, in laifi ne ni na yi, ita ba ta san komai ba. Malama kullum in an tashi daga makaranta sai ta biyo. Ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Rana ta biyar da safe zazzaɓin ya sauka, aka cire robar hanci. Wata ma'aikaciya mai barkwanci ta zo da auduga da ruwan ɗumi tana goge mata ido a hankali tana yi mata wasa. Sai na ga fatar idon ta motsa, ɗaya ya buɗe, ɗayan ya biyo. Ummi ta yamutsa fuska saboda haske, ta juya, ta juya, sai ta tsayar da su a kaina ta miƙo hannu ta kama bakin hijabina. Ma'aikaciyar ta ɗaga biro tana kaɗawa, idanun suka bi shi dama da hagu. Ta ce alhamdu lillahi, 'yan mata ana gani, to gaya min, shekarunki nawa? Ummi ta ɗago hannun da aka ɗaura wa ruwa, da ƙyar, ta miƙe yatsu uku. Muryar ba ta fita sosai, amma na ji ta. Ta ce uku, tana kallona tana jiran alewa.

Ban san lokacin da na durƙushe a ƙasa ba. Ina kuka ina dariya, ina hamdala, kunya kuma kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kama hannun na lanƙwasa yatsa ɗaya na ce biyu ne Ummi, biyu ne, Mama ce ta yi ƙarya. Maigidana da ke tsaye a bakin ƙofa ya juya baya yana goge fuska da hularsa. Ranar ya yi min magana, ya ce in tashi daga ƙasa mutane suna kallo.

Bayan an sallame mu na sha faɗa, kuma na cancanta. Surukata ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne da sunanta na yi ƙaryar, ta sa aka sayo kwaɗo aka datse ɗakin kwallar. Facalata da ta zo dubiya ta ce ashe 'yarta makaranta biyu take yi ba ta sani ba, a ba ta sakamakon ɗayar. Na mayar mata da katinta hannu da hannu na roƙi gafara. Malama kuwa sai da Ummi ta fara gudu a tsakar gida sannan ta zaunar da ni. Ta ce dole ta sanar da shugaban makaranta, kuma ta sanar, an cire sunan. Ta ce abin da ya ba ta takaici, da tun farko na gaya mata halin da nake ciki, akwai kwamitin iyaye da ke sassauta wa masu ƙaramin ƙarfi, an yi wa mata da yawa a lungunmu. Kuma ranar Larabar nan, da na yi mata raɗa ɗaya a kunne, da an yi wa yarinyar allura ba tare da an tambayi katin waye ba. Aikin Gwammaja ya tafi, Hajiya ta sa wata a kekena. Wallahi ko a jikina, na dawo ina karɓar ɗinkin unguwa a ɗaki, Ummi tana wasa da ƙyallaye a gabana, ina kallon idanunta ina jin kamar an ba ni duniya.

'Yan uwana mata, abin da ya sa na rubuto ke nan. Na san yadda kuɗin ciko yake da nauyi a kan mai ƙaramin ƙarfi, na san yadda rai yake kwaɗayin abin da aka ce kyauta ne. Amma katin yaro ba takardar shiga makaranta ba ce kawai, shi ne bakinsa a wurin da ba ya iya magana, kuma in kika ba shi na wani, duk mai son taimakonsa kin rufe masa ido. Mu da muke da takwarori a kowane gida, abin nan yana da sauƙin yi, na kuma san ba ni kaɗai na taɓa yi ba. In ba ki da hali ki faɗa, kunyar minti biyar ce. In akwai layin da ba a cike ba a katin ɗanki, ki ajiye ɗinkin, ki ajiye bikin, ki je. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Da Ummi ta cika shekara uku cif, na yi mata kitso na kama hannunta muka koma ajin nan da katinta na kanta, an cike duk abin da ya rage. Malama ta karɓa ta karanta shi layi-layi, har da sunan uwa, ta dube ni ta saman tabarau. Sannan ta sunkuya ta tambayi Ummi shekarunta. Yarinyar ta waiwayo ta kalle ni tukuna, kamar mai neman izini. Na gyaɗa mata kai. Ta ɗaga yatsu uku, ban lanƙwasa ko ɗaya ba.